Farashina ya riga ni isa kasuwa

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shekara fiye da talatin yana fatauci tsakanin Kano da Damagaram, kuma duk abin da duwan ta sani game da shi bai wuce fuskarsa da ƴan layukan da ake rubutawa a wani littafi mai baƙin bango ba. Ni kuwa a fiddo kaya guda ɗaya na bayar da sunana, da na mahaifina, da na mahaifiyata, da ranar haihuwata, da lambar wayata, da wurin da shagona yake, da sunan mutumin da nake saye a wurinsa, da abin da na biya shi har kwabo. Ban tsaya na tambayi kowa inda za su je ba, don a lokacin idona yana kan kayan.

Ina sayar da kekunan ɗinki da kayan gyaransu a kusa da Kasuwar Dole. Da can ɗaya biyu nake ɗaukowa, in biya abin da aka ce a kan iyaka, in wuce. Bayan da aka sake buɗe iyaka da Najeriya a 2024, wata cibiyar koyar da mata ɗinki ta nemi in kawo mata keke arba'in, amma da sharaɗi: sai da faktir mai lambar NIF, wato lambar mai biyan haraji, sai da kitansin duwan. Masu ba su kuɗi ba sa karɓar magana ta fatar baki. To, ka ga dole ta sa na shiga hanyar takarda.

Matakin farko bai ba ni wuya ba. A gidan ƴan kasuwa na buɗe dosiye, na samu rajistar kasuwanci da ake kira RCCM, sannan lambar NIF ta ofishin lampo. Abin da na riƙe a nan shi ne yawan fotokopi. Katin dantite gaba da baya, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, hotuna. Mai fotokopin da ke bakin titi ya buga katina sau uku kafin ya fito sosai, ya jefa biyun da suka yi duhu a kwali ƙarƙashin teburinsa. Ina kallo, na biya na tafi.

Daga nan sai tiranzite. Ɗan kasuwa irina ba ya zama gaban na'urar duwan ya rubuta wa kansa; waɗanda hukuma ta ba izini ne ke shigar da bayanin kaya a madadinka. Na je wurin wani dattijo, aminin mahaifina, wanda tun muna yara muke ce masa Baba. Ya ce, "Ɗana, turo wa yaron nan komai ta WhatsApp, kada ka wahalar da kanka." Ina tsaye a Sabon Garin Kano, bakin shagon mai kaya, na ɗauki hoton faktir da takardar jerin kaya da katina da takardar NIF na tura. Na ba direba kwafin faktir saboda hanya. Muka biyo ta Daura, Kwangwalam, Ɗan Barto, Matamai, Takeita, muka shigo gari bayan isha'i, mota ta kwana a hannun duwan.

Washegari na zauna a biron Baba tun ƙarfe takwas. Ɗaki ne ɗaya da fanka, da kwamfuta biyu, da samari uku, da tulin dosiye har kusa da rufi. A nan na fara ganin abin da suke kira Sidoniya, wato SYDONIA. Manhaja ce da CNUCED, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki da ke Janeba, ta ƙirƙira tun farkon shekarun 1980, kuma CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ce ta fara neman a yi ta. Yau ƙasashe wajen ɗari ke aiki da ita, amma kowace ƙasa da rumbunta. Namu yana hannun hukumar duwan ta Nijar.

Takardar da ke kan allon gida-gida ce, kowane gida da lambarsa. Yaron ya je gida na 8, na mai karɓar kaya, ya buga lambar NIF ɗina kawai. Kafin in ƙifta ido sunana ya fito da kansa, da unguwarmu. Sai da gabana ya ɗan faɗi. Ban taɓa shiga wannan ɗaki ba, na'urar kuma ta riga ta san ni. Gida na 14 na tiranzite ne. Gida na 33 na lambar kaya, keken ɗinki yana ƙarƙashin 8452, kuma wannan lamba ce ke yanke ko kashi nawa za ka biya, don jadawalin harajin shigo da kaya hawa biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, sannan TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, ta kashi 19 ta hau kai tare da wasu ƙananan kuɗaɗe. Aka rubuta ƙasar da aka ƙera kayan, Sin, da wadda suka fito, Najeriya, da nauyi, da yawan kwali, da kuɗin da na biya an mayar da shi sefa.

Ana tsakiyar haka rezo ya ɗauke. Da ya dawo, kuran ya tafi. Muka sha shayi har zagaye na uku.

Bayan azahar aka tura bayanin, na'ura ta ba shi lamba, ta kuma zaɓa masa hanya. Hanyoyin huɗu ne. Kore, ka biya ka wuce. Rawaya, a duba takardu. Ja, a duba takardu a kuma buɗe kaya. Shuɗi, a sake ka yanzu a biyo ka da bincike daga baya. Nawa ja ya faɗa. Baba ya ce kada in damu, sabon suna ba shi da tarihi a ciki, na'ura ba ta yarda da baƙo. Wannan magana ta wuce ni a ranar. Daga baya na gane nauyinta: ashe duk fiddo kayan da ka yi yana nan a ajiye, da shi ake auna ka a na gaba.

Jami'in da ya duba kayan bai ɓata mini lokaci ba. Ya sa aka sauke kwali shida daga wurare daban-daban, ya yanka tef, ya ɗaga kan keke guda ya juya shi ya karanta abin da ke rubuce a gindinsa, ya gwada da faktir. Na ce, "Shef, lafiya dai?" Ya ce lafiya lau. Muka koma biro don in san abin da zan biya. Yaron ya jawo wata takarda daga tulin da ke gefensa, ya kife ta, ya rubuta mini lissafi a bayanta: na duwan kaza, na biro kaza, na ƴan dako kaza. Na ninke ta na sa a aljihu. Kashegari na biya, na karɓi kitansi da takardar fita, kekuna suka iso shago kafin la'asar. Kwana uku ke nan cif, na kuma yi hamdala.

Ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, maƙwabcin shagona ya leƙo yana murmushi. Ya ce, "Maigida, barka da arziki. Ashe wurin mutumin nan na Sabon Gari ka ɗauko? Ai ya yi maka sauƙi." Sai ya faɗi farashin kai ɗaya, daidai, har da ƴan canjin da ke bayansa. Na yi dariyar yaƙe na ce Allah ya sa albarka. Wanda ba ɗan kasuwa ba zai ce mene ne a ciki. Shekara shida na yi ina gina amana da mutumin nan kafin ya fara rage mini. Farashin saye shi ne al'aurar ɗan kasuwa. Ko matata ba ta san shi ba. Kafin wata ya ƙare maƙwabcina ya kawo irin kekunan, daga shago guda, ya rage jika biyu a kan nawa.

Wannan na haɗiye. Na biyun ne ya tayar mini da hankali. Bayan mako guda, da dare, wata baƙuwar lamba ta kira. Mutum ne mai natsuwa, yana haɗa Hausa da Faransanci irin na ma'aikata. Ya kira cikakken sunana, ya karanto lambar bayanin kayana, da kwanan wata, da yawan kwali. Ya ce daga Yamai yake, an sake duba dosiyena an ga an rage daraja, tara mai nauyi na tafe, amma in na tura jika ɗari da hamsin kafin safiya zai rufe maganar. Wallahi na fara lissafin inda zan samo kuɗin. Abin da ya cece ni, na tuna duk abin da na biya a gishe na biya shi, aka ba ni kitansi. Hukuma ba ta karɓar kuɗi ta lambar waya da tsakar dare. Na ce masa gobe zan je biro da tiranzitena mu ji. Ya kashe. Lambar ba ta sake shiga ba.

Da sassafe na tafi wurin Baba da zafina. A zuciyata na riga na yanke hukunci: na'urar gwamnati ce a buɗe, kowa na leƙawa. Na tarar da wani tsohon ɗan duwan da ya yi ritaya yana shan shayi a wurinsa, shi ya sa bakin da ya kwantar da maganar. Ya ce in zauna ya warware mini.

Abin da na fahimta daga gare shi, ba a shiga Sidoniya sai da suna da lambar sirri, kuma kowane suna da iyakarsa. Tiranzite yana ganin bayanan da bironsa ya shigar, ba ya ganin na wani biro. Mai duba kaya da mai karɓar kuɗi da shugaban biro, kowa da ƙofar da aka buɗe masa gwargwadon aikinsa. Na sama a Yamai, da masu bincike, da masu kula da na'urar kanta, su ne ke da gani mai faɗi. Ya ce kuma duk wanda ya shigar da bayani ko ya gyara shi ko ya sa masa hannu, sunansa da lokacin suna nan a rubuce. Jami'in duwan yana da rantsuwa a wuyansa, asirin aiki wajibi ne a kansa, in ya fitar ana iya hukunta shi.

Na ce, "To ranka ya daɗe, bayan duwan fa?" Ya ce a nan ne mutane ba su sani ba. Ofishin lampo na da hakkin sanin abin da ka shigo da shi, shi ya sa NIF ɗin guda ce a wuraren biyu; ba za ka fiddo kayan miliyoyi ba ka je can ka ce ba ka sayar da komai ba. Hukumar ƙididdiga, INS, da babban banki BCEAO suna ɗaukar alƙaluman shige da fice don lissafin cinikin ƙasa, su jimilla ce ta dame su. Alƙali na iya nema. CENTIF, masu bin sawun kuɗin haram, na iya nema. In kuma kayanka ta tashar ruwa suka biyo, kamar Lome, akwai tsarin SIGMAT da ke aika bayanin kayan da ke ratsa ƙasashe daga duwan ɗin wannan ƙasa zuwa na waccan tun mota ba ta iso ba. Wato sunanka na iya tsallaka iyaka kai kana kwance a Garin Malam.

Duk wannan na ji, kuma ban ga laifin yawancinsa ba. Ƙasa ba ta tafiya sai da haraji, kuma na fi son a auna ni da abin da ke rubuce a kan a auna ni da ganin dama. Amma babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai je ya gaya wa maƙwabcina farashin keke.

Ina wannan tunani idona ya sauka kan kwamfutar da ke gabana. A gefen allon an manna ƴar takarda mai ruwan ɗorawa da tef, an rubuta suna da wasu lambobi. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce lambar shiga ce, don kada yara su manta. Suna ɗaya, lamba ɗaya, samari uku, ga wani ɗan ƙanwarsa da ke zuwa koyon aiki lokacin hutu. Duk wanda ya zauna a kujerar, a wurin na'ura Baba ne. Rubutun nan da tsohon ɗan duwan ke yabo, na wa ya shiga da yaushe, a ɗakin nan ba zai nuna maka komai ba sai sunan dattijon da ko linzamin kwamfutar bai iya riƙewa ba.

Na ce yaron ya nuna mini inda hotunan da na turo suke. Ya buɗe wayarsa. Ya tura su rukunin WhatsApp na biro, mutum tara a ciki, har da biyu da suka bar aiki bara ba a cire su ba. Ya tura wa wani abokin aikinsu a Ɗan Barto. Hoton katina na nan cikin hotunan wayarsa tsakanin na wani biki da na ƙwallo. Na fara ƙirgawa da yatsu: mai fotokopi, direba da yaron motarsa, mutum tara na rukuni, na kan iyaka, mai buga takardu na cibiyar da na kai wa kaya. Yatsuna suka ƙare ban kai ga ko jami'i ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuma da hannuna na yi ta tsaga nawa tun daga Kano.

Har yau ban san wanda ya fitar ba, kuma ban ɗora wa kowa ba. Wanda ya kira ni yana da lambar bayanin kaya, to ko dai ya ga allon, ko ya ga takardar da aka buga. Wannan bai rage yawan mutanen sosai ba.

Ƙanena da ya karanta shari'a a Tawa shi ya gaya mini akwai doka a kan wannan. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, aka sake ta da wata a Disamban 2022, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa aikin, HAPDP. Dokar ta ce duk mai riƙe da bayananka, gwamnati ko ɗan kasuwa, sai ya tattara su don wata manufa sananniya, ya tsare su, kada ya bari su faɗa hannun wanda ba ruwansa. Kana da hakkin tambayar abin da aka riƙe a kanka, da neman a gyara kuskure. Ya ce, "Yaya, amma kada ka ɗauka za ka ce duwan ta goge sunanka. Abin da doka ta wajabta a ajiye, ba a goge shi don ka ƙi." Na ce wannan na gane. Biron tiranzite fa? Ya ce shi ma dokar ta hau kansa, ina iya kai kuka.

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Hukumar tana Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Ko da takarda za ta isa ba sai na je ba, wa zan kai ƙara? Mutumin da ya yi wa mahaifina wanka? Na bar ta.

Abin da na yi ƙarami ne. Na koma da goro da turare, na zauna ƙasa, na ce, "Baba, ba ƙara na kawo ba, roƙo ne. Lambar nan sunanku ne a kanta. In wani ya yi ɓarna da ita, ku za a kira, izininku za a taɓa." Da farko ransa ya ɓaci. Ya ce shekara ashirin da biyar yana aikin nan ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo. Na ce ni ma ban ce ba. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya kira babban yaron ya ce a ɓalle takardar, a canza lamba, a cire waɗanda suka tafi daga rukunin. A gabana yaron ya goge hotunana daga wayarsa. Na sauran wayoyin takwas, Allah masani.

A fiddo kaya na biyu ban tura komai ta waya ba. Na kai takardun da hannuna cikin ambulan. Kowane fotokopin kati na ja masa layi biyu a tsakiya na rubuta abin da aka yi shi dominsa da kwanan wata, dabarar ƙanena ce. Wurin mai fotokopi na miƙa hannu na karɓi waɗanda suka lalace, ya dube ni kamar na taɓu. Faktir kam dole direba ya riƙe, ba yadda zan yi. A wannan karon rawaya na samu, kwana ɗaya da rabi kaya suka fito.

Sai ranar da nake haɗa takardun shekara don lampo na ci karo da takardar lissafin nan da yaron ya rubuta mini a karon farko. Na warware ta, na juya ɗaya fuskar, wadda ban taɓa dubawa ba. Bayanin kaya ne da aka buga, na wani Alhaji da duk Zango an san shi, muna sallar Juma'a a sahu ɗaya. Ga sunansa a gida na 8, ga NIF ɗinsa, ga kamfanin da yake saye a wurinsa a ƙasar waje, ga nauyi, ga kuɗin. Ya kamata in kife ta nan take. Ban kife ba, na karanta ta tun daga sama har ƙasa, har na ɗauko waya na raba kuɗin da yawan kwalin don in ga nawa guda ta faɗo masa.

Tana nan cikin durowar shago, ƙarƙashin kwalin allurai. In na kai masa, zai tambaye ni inda na same ta, maganar kuma kan Baba za ta koma. Sau biyu na ɗauko ashana na mayar. Jumma'ar da ta wuce ya miƙo mini hannu bayan sallama, ya tambayi kasuwa, na ce da godiya.